Ranar da Ba a Duba Gefen Kwari Ba

Ɗantala bai taɓa riƙe linzami ba kafin ya zo Doha. A Talata Mafara acaɓa ya fara yi, daga baya ya koma tuƙa motar haya zuwa Gusau, kuma in ya hango doki a hanya ratsewa yake yi ya ba shi wuri. Aikin gadi ne ya kawo shi Qatar. Kamfanin da ke matsayin kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya fara ajiye shi a ƙofar wani kanti, sai wata rana aka ce ana neman wanda ya iya tuƙi a wata ƙaramar ƙungiyar masu son dawaki, can gaba da Mu'aither, inda gine-gine ke ƙarewa filin tsakuwa ya miƙe.

Shugabar ƙungiyar wata 'yar Jordan ce mai suna Madam Shakira, mace mai faɗa amma mai tausayin dabba. 'Yan ƙungiyar kan taru duk safiyar Juma'a a lokacin sanyi su fita kilisa a kan wata turba da suka shata a cikin sahara, ta bi ta wasu itatuwa masu ƙaya, ta gangara gefen wani busasshen kwari, ta dawo barga. Gyaran turbar nan aikin Ɗantala ne. Duk ranar Alhamis zai ɗauki a-kori-kura ya bi ta, yana tsince kwalabe da gwangwanayen da masu shan iska suka zubar, yana cike ramukan da tayoyin manyan motoci suka haƙa, yana tayar da alamomin da iska ta kayar. In kuma aka yi waya cewa ga wani doki an yasar, shi ke jan tirela a je a ɗauko.

A irin wannan fita ce ya haɗu da goɗiyar. Wani maƙwabci ne ya kira, ya ce masu wata izba, wato gonar bayan gari, sun tashi sun bar dabba a ɗaure. Da suka isa, Ɗantala ya same ta a ɗaure. Ana iya ganin kowane haƙarƙarinta. Kofatanta sun yi tsawo har sun lanƙwashe, igiya ta ci wuyanta, ƙudaje sun taru a idanunta. Likitan dabbobin, wani ɗan Sudan, ya girgiza kai ya ce da wuya ta kai mako. Madam Shakira ta ce a loda ta kawai.

A ƙungiya suka sa mata suna Amal. Shi kuwa Ɗantala Gunya yake kiranta, saboda launin jikinta, kuma wannan sunan ta fi amsawa. Ba wanda ya ce jinyarta aikinsa ce. Shi ne dai ya riƙa jiƙa mata dusa yana ba ta kaɗan-kaɗan yadda likita ya nuna, yana wanke mata gyambon wuya, yana watsa mata ruwa in zafin bazara ya sa ko numfashi da ƙyar ake yi. Ta taɓa cizonsa a kafaɗa har ya kwana biyu bai iya ɗaga hannu ba. Bai yi fushi ba. Matarsa Raliya, in ya kira gida, bayan ta ba shi labarin yara sai ta ce, "To, ya mai jiki?" Shi kuma ya zauna ya ba ta amsa tiryan-tiryan kamar 'yar'uwarsu ce ke kwance a asibiti.

Kafin sanyi ya zagayo, Gunya ta murmure. Gashinta ya kwanta, ta fara haniniya in ta ji ƙarar motarsa. Likita ya yarda a riƙa hawanta, amma tafiya kawai, ban da sukuwa, domin ƙafafunta ba su gama ƙwari ba.

Cikin 'yan ƙungiyar akwai Bahaushe guda ɗaya, Injiniya Umar Faruq, ma'aikacin wani kamfanin gas, mazaunin unguwar Bin Mahmud. Ranar da ya fara jin Ɗantala yana yi wa goɗiya magana da Hausa, sai da ya rungume shi. Tun daga nan kullum "mutumina" yake ce masa. Yakan kawo masa kilishi in ya dawo daga gida, su tsaya a bakin barga suna hirar damina da tsadar hatsi. Ɗantala, wanda ke kwana a ɗaki ɗaya da 'yan Nepal da 'yan Uganda, ya riƙa jin kamar ya sami yaya a ƙasar mutane.

Wata Alhamis da hantsi, yana tsakiyar duba turba, wayarsa ta yi ƙara.

"Mutumina, kana ina?" in ji Injiniya.

"Ina kan hanyar dawaki, Yallaɓai. Na kusa gamawa, saura gefen kwari."

"Don Allah taimako za ka yi mini. Surukata ce za ta sauka yanzu, ni kuma an riƙe ni a wurin aiki, direbana ba shi da lafiya. Tsohuwa ce, ba ta jin Turanci ba ta jin Larabci. Motata na nan barga, makulli na wurin mai gadi."

Ɗantala ya dubi inda turbar ta gangara. "Yallaɓai, gobe akwai hawa. Kuma masu kafa tantuna sun fara fitowa."

"Haba, me ke gefen kwari? Makon jiya na bi ta wurin, fes yake. Je ka kawai. In wani ya yi magana, ka ce ni na aike ka."

Ya tafi. Ya tarbi Hajiya a filin jirgi, ya ɗaukar mata jakunkuna, ya kai ta har ƙofar gida tana ta sa masa albarka. Cunkoson yammacin Alhamis ya riƙe shi, bai dawo barga ba sai bayan magariba. Ya ce a ransa da asuba zai leƙa wurin. Da asubar kuma aiki ya sha kansa, ga ɗaura sirdi, ga ba da ruwa, ga baƙi sun zo da yara, Madam Shakira na ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Bai je ba.

Injiniya ne ya hau Gunya a ranar. Ɗantala ya riƙe masa likkafa ya ce, "A hankali dai, Yallaɓai." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "'Yarka tana hannuna."

Ɗantala na bin ayarin a baya da motar ruwa. Da suka kai gangaren kwari, ƙasa ta yi laushi, iska na kaɗawa, sai ya hango Injiniya ya saki linzami ya bar sahu. Gunya ta miƙe da gudu, wuyanta a gaba, abin sha'awa. Sai kawai ta kife. Injiniya ya wuntsila gefe cikin rairayi.

Wasu masu tanti ne suka kewaye wurinsu da waya mai ƙaya a cikin makon, da suka tashi suka tuge turakun suka bar wayar kwance, rairayi ya rufe rabinta. Ta naɗe ƙafar Gunya ta gaba, ta yanke jijiya har ƙashi, faɗuwar kuma ta karya ƙashin. Injiniya ya tashi yana kakkaɓe riga, ba abin da ya same shi sai ƙurjewa a gwiwar hannu. Gunya ta yi ta yunƙurin tashi tana komawa.

Da likita ya iso, bai daɗe yana dubawa ba. Ya kalli Madam Shakira ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Aka janye yara zuwa bayan mota. Ɗantala ya durƙusa ya ɗora kanta a cinyarsa, yana shafa mata goshi yana cewa, "Sannu, Gunya, sannu," har allurar ta gama aikinta. Jikinta ya saki. Ya daɗe a wurin kafin wani ya dafa shi ya ce ya tashi, motar da za ta ɗauke ta ta zo.

Washegari aka kira shi ofis. Madam Shakira na zaune idanunta sun kumbura, ga wasu 'yan kwamiti biyu, ga Injiniya a gefe da bandeji a hannu.

"Ka duba hanya ranar Alhamis?" ta tambaye shi da Turanci.

"Na duba, Madam. Ban da gefen kwari."

"Me ya sa?"

Ɗantala ya juya ya kalli Injiniya. Ba roƙo ya yi da ido ba, jira kawai ya yi, domin bai taɓa kawowa a ransa cewa sai ya roƙa ba. Injiniya ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Gaskiya abin baƙin ciki ne," ya ce. "Mu masu hawa mun dogara ne da cewa an duba hanya. Da na san ba a duba ba, da ban bari ta ɗaga ƙafa ba. Amma ina roƙon a yi masa sassauci. Mutumin kirki ne, ɗan ƙasarmu ne, kuskure ne kawai."

Maganar cewa Injiniya ne ya aike shi tana bakin Ɗantala, gajeruwa ce, kuma mai gadi shaida ne, shi ya ba shi makulli. Sai dai ya san ko ya faɗa, shi ne ya ajiye aikinsa ya tafi, shi ne kuma asuba ta yi bai je ba. Ya kuma san wanda za a ci gaba da gani kowace Juma'a da wanda za a iya maye gurbinsa da kiran waya ɗaya.

"Na tafi wani wuri ne, Madam," ya ce.

"Kai ne ka raya ta," ta ce a hankali. "Shi ya sa na kasa ganewa." Ta ce ba za ta kai ƙararsa ba, amma ba za ta iya sake ba shi turba ba. Kafin azahar an mayar da shi hannun kamfani.

Kamfani ya tura shi gadin wurin ajiye motoci a ƙarƙashin wani bene, inda ba rana ba iska, sai hayaƙi da ƙarar fanka. Ya koma kwana a unguwar Bin Omran. Da Raliya ta tambayi mai jiki, ya ce mata ta rasu, ya kuma roƙe ta kada ta tambaye shi yadda aka yi. Injiniya ya kira sau ɗaya, Ɗantala bai ɗauka ba. Bai sake kira ba.

Sai bayan sanyi ya wuce suka haɗu, a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, inda Hausawa kan tsaya a gaisa. Injiniya na tare da wasu abokansa biyu, wani likita da wani malamin jami'a. Ya hango Ɗantala, ya ɗan yi turus, sannan ya ware hannu.

"A'a, mutumina! Kwana da yawa." Ya juya ga abokan. "Wannan shi ne wanda nake ba ku labari, na wurin dawaki. Tsautsayi ya faɗa masa. Da ban sa baki ba, da tuni an sa shi a jirgi."

"Allah ya saka da alheri, Injiniya," in ji likitan. "Haka ake so, a riƙa duba na ƙasa."

Suka zuba wa Ɗantala ido suna jiran godiyarsa. Ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya karɓa da yatsu kawai.

"Ya Hajiya?" ya ce. "Ta koma gida lafiya?"

Murmushin Injiniya ya ɗan daskare. "Lafiya lau. Ta koma."

"To, madalla."

Ya saki hannun, ya nemo takalmansa cikin tarin da ke bakin ƙofa, ya sa. Motar kamfani na tsaye a tsallaken titi, direban na ta danna oda, domin masu aikin rana sun riga sun makara. Ya ƙetara ya shiga, ya zauna a kujerar baya kusa da taga.