Gwaji na Goma sha Tara

A unguwar ba mai kiransa da wani suna sai Saura Kaɗan. Shekara biyu ke nan duk wanda ya tambaye shi yaushe sabuwar waƙarsa za ta fito, amsar da yake samu ke nan, har sunan ya bi shi shagon fotokofin da yake aiki. Mawaƙi ne mai zaman kansa, wato ba kamfanin da ya ɗauke shi, ba kuma wanda ya nuna alamar zai ɗauka. Shi dai yakan ce shi ne ya ƙi su.

Burinsa bai taka kara ya karya ba. So yake Baba ya saurari waƙarsa guda ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Baba tsohon kafinta ne, mutum mai tsada wajen yabo. Waƙoƙi uku ɗansa ya taɓa kai masa, ba wadda ta yi minti guda a kunnensa. A ta farko ya tuna bai rufe famfo ba. A ta biyu ya tambaya ko wayar ce ta faɗa ruwa. A ta uku bai wahalar da kansa neman dalili ba, ya miƙe kawai. Abin ya yi wa Saura Kaɗan ciwo, har ya rantse ta huɗu ba za ta fita ba sai ta zama ba inda za a kushe ta.

Situdiyon da yake aikin wani ɗaki ne a bayan shagon gyaran fanka, an manna kwalayen ƙwai a bango, an jingina tsohuwar katifa a taga. Mai ɗakin, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi ke haɗa sauti, kuma duk sabon haɗi sai ya sa masa lamba: gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, haka nan dai.

Masu wannan sana'a sun san lasifikar situdiyo maƙaryaciya ce, ko kukan ƙofa ka sa mata sai ya yi daɗi. Don haka Saura Kaɗan yakan ɗauki gwajin ya kai inda mutane ke jin waƙa da gaske: tsohuwar lasifikar mai aski, rediyon wani direban tasi, wayar mai gadin shagonsu wadda gilashinta ya tsage. Da yake kuma yana son jin gaskiya ba yabon kunya ba, bai taɓa cewa tasa ce ba.

"Wani abokina ne ya yi," yakan ce. "Ya ka ji ta?"

Gwaji na goma sha tara da mura ya rera shi. Hanci a toshe, maƙogwaro a shaƙe, ba komai a bayansa sai jita guda. Ya kai wa mai aski ne don kawai ya ji ko jitar ta fito. Mai aski ya kashe injinsa, ya bar kan wani bawan Allah rabi da gashi, ya saurara har ta ƙare.

"Tura min in ƙara ji anjima."

Ya tura masa, ya koma bakin gyara. A gwaji na ashirin da uku aka sa ganguna. A na ashirin da takwas aka kawo 'yan amshi mata uku. A na talatin Injiniya ya bi muryar da na'ura ya goge ta tas, ta koma sumul kamar sabon faranti. Duk tsawon watannin nan Saura Kaɗan bai ji abin da gari ke ji ba, don daga gida zuwa shago kunnuwansa a toshe suke, yana sauraron kansa.

A gwaji na talatin da huɗu Injiniya ya ce ko a sake ta ko ya canja sana'a. Aka sake ta ranar Asabar da hantsi, da hoton mawaƙin sanye da baƙin tabarau, yana kallon nesa kamar wanda mota ta tafi ta bari. Ya zauna a bayan injin fotokofi da waya a hannu, yana jiran duniya ta girgiza.

Ta kuwa girgiza. Saƙon farko ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Wannan ai waƙar Shaƙaƙƙe ce." Na biyu ya ce, "Ka sata, ka kuma ɓata." Na uku ya yi masa nasiha ya riƙe fotokofinsa da kyau, tunda dai kwafi ne abin da ya iya.

Kafin azahar ya gane komai. Daga wayar mai aski waƙar ta shiga ta masu zuwa aski, daga nan ta shiga tasha, ta shiga kasuwa, ba suna ba hoto, sai lamba. Mutanen gari suka raɗa wa mai ita Shaƙaƙƙe, suka kuma yi masa tarihi kyauta. Wasu sun ce a kurkuku ya rera ta. Wasu sun ce ya rasu tuni, har akwai wanda ya halarci jana'izar.

Ya isa shagon aski yana huci.

"Ai tawa ce! Ni na kawo maka ita da hannuna!"

"Ka kawo, ban musa ba," in ji mai aski yana kaɗe buroshi. "Ka ce ta abokinka ce. Ni dai gaskiya ban zaci za ka yi wa abokinka haka ba."

Ya garzaya situdiyo neman shaida. Injiniya ya cire abin kunnensa ya dube shi.

"Wane goma sha tara? Ba kai ka tsaya a kaina na goge tsofaffin duka ba? Ka ce kada wani ya ji abin kunya."

Da la'asar ƙafafunsa suka kai shi gidan Baba, shi kansa bai san me ya je yi ba. Ya same shi a baranda yana goge ƙafar wata kujera da sanfefa, wayarsa a kan benci.

"Ƙanwarka ta ce ka ɗauki waƙar bawan Allah ka liƙa mata hotonka."

"Baba, ai maganar ita ce..."

"Zauna. Yau ka ji yadda ake waƙa."

Baba ya laluba wayar da babban yatsansa mai kanta, ya danna. Jita ta fara, shaƙaƙƙiyar muryar ta biyo. Waƙar a kan hannun wani tsoho ce, hannun da ya yi wa rabin gari kujeru, bai taɓa dafa kafaɗar ɗansa ba, ɗan kuma har yau yana tsaye kusa ko za a dace. Baba ya ajiye sanfefa ya lumshe ido. Leɓunansa na bin baitocin, ba inda ya yi tuntuɓe. Minti huɗu da rabi bai motsa ba.

Saura Kaɗan ya so ya ce masa waƙar tasa ce, ya fasa. Ya san Baba. In bai yarda ba, ya zama ɓarawo kuma maƙaryaci. In kuwa ya yarda, wayar za ta koma aljihu, ba za a sake kunna waƙar a gidan nan ba.

Da ta ƙare Baba ya ja gefen rigarsa ya share ido, ya ce ƙurar katako ce.

"Ka ji ɗa," ya ce. "Uban wannan yaron ya yi dace. Ka nemo shi ka ba shi haƙuri, ka ji ko?"

"To, Baba."

"In ka gan shi, ka ce wani tsoho yana sa masa albarka."