Jirgi Mai Launin Citta

Tun da Azariya ya daina rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Kafanchan ya dawo gida Madakiya, matarsa Miriyam ba ta huta ba. Mutumin bai iya zaman banza ba. Ya yi wa ƙofar gida fenti sau biyu, ya yi wa akurkin kaji, turmi ma sai da ta ɓoye shi a bayan rumbu. Da abin shafawa ya ƙare a gidan, sai ya ce zai ƙera jirgin sama na yaƙi.

Ba mai tashi ba ne, ɗan ƙarami ne, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kuma bai kwaikwayi na kowace ƙasa ba, daga kansa ya fito da shi: fuka-fuki huɗu, inji uku, da wata 'yar ƙofa a ƙarƙashi wadda ya ce ta nan sojoji za su riƙa sauka da igiya a kan duwatsun Kagoro. Da itacen malaina ya sassaƙa gangar jikin, fuka-fukan na gwangwanin madara ne, tayoyin murfin kwalba, bindigogin kuwa bututun biro. Wanda duk ya kuskura ya kira shi abin wasa ya jawo wa kansa, don sai ya zauna ya ji cewa inci ɗaya a nan ƙafa shida ne a jirgin gaske.

Miriyam ba jirgin ne ya dame ta ba, idon mai jirgin ne. Ta daɗe tana lura. A coci yakan buɗe littafin waƙa a shafin da ba shi ba, ya rera daga ka. Ran nan ya tsaya a tsakar gida ya yi wa buhun masara sannu da zuwa. 'Yarsu Ƙauna, mai koyarwa a Gidan Waya, ta ce yanar ido ce, aiki kaɗan likita zai yi a cire ta, har kati ta karɓo masa sau biyu. Shi kuwa ya kafe.

"Idona da ya rubuta mota ɗari uku? Ku kawo likitan wajena in duba nashi."

Haka yake cewa kullum, a yi dariya a tashi. Amma Miriyam tsoro take ji na gaske, kada taurin kai ya makantar mata da miji tana kallo.

Wata uku ana sassaƙa ana goge-goge, sannan aka zo kan fenti, inda gwanintar take. Azariya ya hau mashin har shagon Osita mai sayar da fenti a Kafanchan, ya dawo da ƙananan gwangwanaye da dogon bayani. Ya ce jiragen wasu ƙasashe kore ake shafa musu saboda daji suke ɓuya. Nan kuwa, in mutum ya leƙo daga sama da rani, me zai gani? Citta ce a shanye ko'ina. Saboda haka jirgin da zai ɓuya a ƙasar nan dole ya ɗauki launin busasshiyar citta.

Ya zauna a gindin mangwaro, ya zuba wannan ya ɗiga wancan, ya motsa da tsinke, ya ɗaga sama ya ƙanƙance ido.

"Daidai! Maman Ƙauna, zo ki ga aiki."

Ta zo ta leƙa. Abin da ke cikin gwangwanin ruwan hoda ne, mai haske, ba ruwansa da citta ko ta nesa. Ta buɗe baki, sai ta ga yadda fuskarsa ke walwala, irin walwalar da rabonta da gani tun yana aiki. Ta rufe bakinta, ta ce wake yana wuta. Kwana biyu ya yi yana shafawa da ɗan burushi, yana fito da harshe gefe, har da ɗigo-ɗigon da ya ce inuwar citta ce.

Ranar Asabar da rana aka yi gwaji. A bayan gida akwai fako inda Miriyam ta shanya cittarta da aka tsaga, an bar 'yan hanyoyi a tsakani don juyawa. Azariya ya bi hanya ya ajiye jirgin can tsakiya, sannan ya je ya kira maƙwabcinsu Boaz da matarsa Afiniki. Ya tsayar da su a bakin fakon, ya ce su ne abokan gaba, su nemo.

Jirgin kuwa ga shi can zaune a kan citta kamar alawa a faranti.

"Ah-ah, Maman Ƙauna," in ji Afiniki, ta ɗaga hannu za ta nuna, "ba shi ne wancan..."

Miriyam ta taka mata ƙafa. Afiniki ta haɗiye sauran maganar, ta mai da hannun ta sosa kai. Boaz mai saurin ganewa ne. Ya kare ido da tafin hannu, ya duba gabas, ya duba yamma, har saman mangwaro ya duba.

"Kai, Baba, ka gama da mu. Ina ka sa wannan abu?"

"Ku duba da kyau! Ku da kuke cewa idona ya mutu!"

Afiniki ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa, ta ce tari ne. Azariya ya ji daɗi har ya taka 'yar rawa. Miriyam ma ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ta san yau ta ƙara wa likita nisa da hannunta.

"To, tun da kun kasa, bari in kawo muku shi."

Ya shiga hanya da ƙarfinsa. Ya yi taku goma ya sunkuya, ya ɗago wani ƙaton yankin citta, ya jujjuya shi ya yar.

"Kun gani? Har mai shi ya ruɗe!"

Aka yi dariya. Ya juya hagu, ya dawo dama, ya wuce jirgin sau biyu har gefen wandonsa ya kusa shafarsa. Ya bar hanya ya hau kan shanya, citta na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Yana dariya har yanzu, amma shi kaɗai ke yi. Sai Miriyam ta ga ya ja baya, ya ɗaga ƙafa, dugadugansa daidai saman fuka-fukan.

"Baban Ƙauna, tsaya! Kar ka sa ƙafa!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Afiniki ta tuna ta bar tukunya a wuta, Boaz ya ce bai ba awaki ruwa ba, kafin a ce me sun ɓace.

Azariya ya mai da ƙafar gaba a hankali, ya tsuguna, ya lalubi ƙasa har yatsunsa suka taɓa gwangwani. Ya ɗauki jirgin ya kawo shi dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Daga inda kike kin gan shi?"

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun daga ƙofar kicin."

"Boaz fa?"

"Baban Ƙauna, har kaji sun gani."

Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Gaya mini gaskiya. Wane kala ne?"

"Ka tuna ankon da zumuntar mata muka sa a bikin Dinah? Shi ne. Har ya ɗan fi shi haske."

Wata dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi yana tsugune har ya goge ido da bayan hannu, kuma Miriyam ta san ba duka hawayen ne na dariya ba. Tausayinsa ya cika ta, nata idon ma ya kawo ruwa.

Ya miƙe da jirgin a ƙirjinsa, ya duba gabansa, ya duba bayansa, bai motsa ba.

"Ki kira Ƙauna, ki ce ta karɓo katin," in ji shi. Sannan ya miƙo hannu ɗaya wajen da muryarta ta fito. "Amma zo ki fitar da ni tukuna. Ban ga hanya ba."