Jirgin Malam Sodangi

"Ɗauko shi ka buɗe a gabana, Dalhatu. Ni ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Inna Rabi'atu na tsaye a bakin rumfar 'yan sintiri, mayafinta ya zame har kafaɗa, ba ta ko kai hannu ta gyara ba. Ranar kasuwar Kurfi ce, masu buhunan gero da masu jan awaki sun fara cin burki suna kallo. Samarin da ke kan benci da bindigoginsu ƙirar gida suna ta gumtse dariya.

Dalhatu, shugaban 'yan sintirin, ya taso yana sosa ƙeya. "Inna, ki shigo daga ciki mana. Kin tara mana jama'a."

"Jama'ar nike so. A gaban jama'a kuka ɗaure shi, ko ɗaki kuka shiga kuka rufe ƙofa?"

Duk da haka ta shiga, don ta hango abin da ta zo nema. Yana kan tebur, an rufe rabinsa da buhun taki. Jirgin sama ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai wuce hannun mutum ba, fari da jan layi, fiffike ɗaya ya karye yana reto. Ta san kowace gaɓa ta jikinsa, don a kan idonta aka haɗa shi.

Malam Sodangi maƙwabcinta ne a Dutsin-Ma, katanga ɗaya ta raba su, katangar ma ruwan sama ya cinye ta har ta dawo iya ƙirji. Tsohon malamin firamare ne. Da ya yi ritaya sai ya koma gonarsa ta wajen Shema, har mutanen daji suka hana kowa leƙa can. Ya dawo gida ya zauna, ba aiki sai sauraren rediyo da faɗa da kaji. Ɗansa Khalil, da ke aiki a Kaduna, shi ya aiko masa da kwalin, wai ko zai rage masa zaman banza, tunda ya san babansa tun fil'azal in jirgi ya wuce sai ya saki abin da yake yi ya ɗaga kai.

Ranar da aka buɗe kwalin, Inna Rabi'atu ta leƙo ta katanga ta ga dattijo mai furfura ya baje tarkace a tabarma: fararen falle-falle marasa nauyi, wayoyi sirara kamar taliya, batir, 'yar farfela, da wani rimot mai sanduna biyu.

"Malam, jikoki ka yi ko kai ne ka koma jikan?"

"Inna Rabi, wannan ilimi ne."

"Ilimin wasan yara. Allah shi kyauta."

Ta faɗa, amma kullum sai ta leƙo. Ya ɗauki makonni yana abu ɗaya. Ya sa tabarau ya duba hoton da ke cikin takarda, ya duba abin da ke hannunsa, ya sake duba hoton. Ya manna jelar a kife, ya kwana biyu yana ɓamɓare ta da reza yana istigfari. Da ya haɗa wayoyin, in ya tura sandar rimot dama sai jelar ta juya hagu, matarsa Sakinatu ta yi dariya har ta ƙware. Hannunsa na rawa, don haka in ya shafa gam sai ya kira Inna Rabi'atu ta zagayo ta riƙe masa fiffiken har ya kama. Tana riƙe tana masifa cewa tuwonta zai ƙone.

Da ya gama, ya ɗora jirgin a kan 'yan yatsunsa biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, ya ce haka ake gwada shi. Jirgin ya zauna da gindi, hanci a sama.

"Baya ya fi nauyi. In na sake shi haka, tashi zai yi ya kifa. Sai an sa masa wani abu a hanci."

Ya gwada tsakuwa, ta yi kaɗan. Ya gwada noti, ya yi yawa. Inna Rabi'atu ta koma ɗakinta ta ɗauko murfin wata tsohuwar kwalbar turare, na gilashi, dunƙulalle kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ya huda ƙarƙashin hancin ya cusa shi, rabi a ciki rabi a waje, ya bi da gam. Jirgin ya miƙe sambal a kan yatsunsa. Ranar har ƙosai ya aika aka saya mata.

Yanzu ta yaye buhun takin, ta dangwala yatsa a kan gilashin. "Wanga ne kyamarar da kuka ce?"

Dalhatu ya dubi ƙasa.

"Ka sa hanci ka shinshina. Ka shinshina mana! Har yanzu ƙamshin turarena na nan. Ni na ba shi da hannuna."

Abin da ya faru bai da tsawo. Malam Sodangi ya ce cikin gari wayoyin lantarki sun yi yawa, sai ya hau mashin ɗin haya ya fita hanyar Kurfi, ya sami fili ya saki jirginsa. Ya tashi kuwa. Ya yi kewaye a kan gonaki yana zuzu kamar ƙaton zanzaro, gilashin nan yana walƙiya a rana yana kallon ƙasa. Ba a daɗe da shiga wani ƙauye wajen Birchi ba, an kashe mutane, an kwashe mata. Manoman da suka ɗaga kai suka ga abu mai ido yana shawagi a kansu, ga kuma baƙo tsaye da na'ura a hannu, ba su tsaya tambaya ba. Wani ya ce infoman mutanen daji ne, shi ke nan. Kafin 'yan sintiri su iso an riga an kai shi ƙasa. Su kuma suka ɗaure shi suka bi da shi ta tsakiyar gari, suka ajiye shi a rumfar nan har aka zo daga Dutsin-Ma aka karɓe shi. Tun ranar yake kwance. Haƙarƙarinsa ya kumbura, asibiti sun ba da magani sun ce a koma gida.

Dalhatu ya kori samarin da hannu, ya rage murya. "Inna, mun buɗe shi tun ranar. Babu komai ciki sai batir. Shi ya sa muka sake shi."

"To zo ka faɗa."

"Na faɗa maki."

"Ni na tambaye ka? Ni na san babu. Ka zo ƙofar masallacin unguwarmu ka faɗa da bakinka, ka riƙo wanga abu kowa shi gani. Mutumin nan ko gaishe shi ba a zuwa yi. Mai shayi ya hana a zauna a bencin ƙofar gidan Malam. Sakinatu ta aika niƙa an maido mata da hatsinta. Mutumin da ya koya maka rubuta sunanka, Dalhatu. Ni da idona na ga ya goyo ka a keke ranar da kake zazzaɓi."

"Na sani, Inna."

"Ka san mi?"

Ya goge fuska da tafin hannu. Idanunsa jajur, da gani ya daɗe bai yi barcin kirki ba. "In na tashi na ce dattijon nan ba ruwansa, gobe aka shigo wani ƙauyen, me za a ce? Za a ce an saye ni. Waɗanda suka buge shi, cikinsu akwai wanda ɗiyarsa ke daji har yanzu. In na ce masu sun zalunci bawan Allah, wa zai ƙara fitowa in na buga gangami? Ki bari ƙura ta lafa. Wallahi zan zo."

"Shi zai jira ka ne? Jini yake tofarwa."

Ta kai hannu za ta ɗauki jirgin, ya dafe shi, a hankali, amma bai saki ba. Wai kayan shaida ne, sai an ba da umarni daga sama. Ta tambaye shi wane saman, ya ce shi ma bai sani ba. Ta fito ta faɗa wa 'yan kasuwa da ƙarfi cewa murfin turarenta ne, ta rantse da Allah, ta maimaita. Wasu suka yi dariya. Wata mai tallar daddawa ta ce, "Allah sarki, Iya," ta ci gaba da tafiya.

Sai bayan la'asar mota ta sauke ta a Dutsin-Ma. Ba ta shiga gidanta ba. Ta tarar da Sakinatu a tsakar gida tana fifita garwashi, kunun da ta dama tun safe yana gefe ba a taɓa ba.

"Yaya, yaya kuka yi?"

"Zai zo," in ji Inna Rabi'atu, ta wuce ɗakin.

Malam Sodangi na jingine da filo biyu don kwanciya sosai na toshe masa numfashi. Ya rame har tabarau ya yi masa yawa. Ya gane ta, ya motsa hannu.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi. Yana gaishe ka. Kunya ce ta hana shi zuwa."

"Ba Dalhatu ba. Jirgin."

Ta zauna a bakin ƙofa, gwiwoyinta na ƙara. "Yana nan. Fiffike guda ya karye."

"Na dama ko na hagu?"

"Ni ina na sani? Wanda na riƙe maka har tuwona ya ƙone."

Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Sakinatu ta shigo da gwangwani, ta fita da shi a rufe. Da ya lafa sai ya ce, "Gam zai kama shi. Kin san ya tashi, Inna Rabi? Ban taɓa gaya maki ba. Na tura dama, ya yi dama."

"Ka gaya mani."

"Ya yi dama," ya sake cewa. Can kuma ya juyo da ido wajen ƙofa. "Liman bai leƙo ba?"

"Ya yi tafiya."

"Na ji muryarsa a lasifika da azahar."

Ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba a unguwar nan, ta zauna tana murza bakin zaninta.

"Ba komai," in ji shi. "Tsoro suke ji. In na tafi, kar ki yi wa kowa faɗa."

"Sai na yi."

Washegari da hantsi tana shara ta ji salatin Sakinatu ta katanga. Ta yar da tsintsiyar. An buga wa Khalil waya, ya ce ya kamo hanya, amma kar a jira shi. Ƙanen Malam da wani tsohon abokin aikinsa suka yi masa wanka. Inna Rabi'atu ta sa aka buga wa Dalhatu har sau nawa, wayar na shiga ba a ɗauka. Ta karɓa ta yi magana a cikinta duk da haka, har aka gaya mata babu mai ji.

Ta bi gida-gida da kanta. Gidan mai shayi, gidan tela, gidan Alhajin da Malam ya koyar da 'ya'yansa duka. Ko'ina matan ke fitowa, su yi salati, su ce Allah ya jiƙansa, su ce maigidan ya fita. A wani gidan tana kallon takalman maigidan a bakin ɗaki. Ta nuna su da yatsa ta ce, "Ba takalmi ya fita?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, an ce ana rubuta sunan duk wanda ya je." Wa ya ce, ba wanda ya sani.

Da aka sallame azahar aka fito da makara ƙofar gida. Inna Rabi'atu ta tsaya cikin zaure tana leƙe ta gefen labulen buhu. Masallaci ya cika kamar kullum. Liman ya fito, ya tsaya, ya ce, "Jama'a, akwai sallar gawa." Ya faɗa a hankali, kamar mai neman alfarma. Ta ga mutane na sa takalma, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Wasu suka zagaya ta bayan masallaci don kar su bi ta gaban makarar. Waɗanda suka rage ba su cika sahu ɗaya ba, rabinsu ma tsofaffi ne da ba su da ƙarfin ɗauka.

A bakin layi wani mashin ya tsaya. Ta gane rigar. Dalhatu ne, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin bai mutu ba. Ta yaye labulen ta fito har waje, abin da mace ba ta yi a irin wannan lokaci, ta ɗaga masa hannu. Da zai tako 'yan takun nan ya shiga sahu, waɗanda ke laɓe a inuwar shago duk sai sun biyo shi, ta san haka, shi ma ya sani. Ya dube ta, ya dubi makarar. Liman ya yi kabbarar farko. Dalhatu ya tsaya har aka yi ta ƙarshe, leɓɓansa na motsi, sannan ya juya kan mashin ɗin ya koma hanyar Kurfi.

Aka ɗauki Malam Sodangi. Makarar ta karkata gefe guda saboda na bayan ya fi na gaban gajarta, suka tsaya suka gyara, suka sha kwana.

Inna Rabi'atu ta koma ciki ta ɗauko tabarmin gidanta duka, da na Sakinatu, ta shimfiɗa su a inuwar ƙofar gida don masu ta'aziyya, ta jera butoci. Ta zauna a dokin ƙofar zaure. Inuwar ta yi ta janyewa daga kan tabarmin ɗaya bayan ɗaya. Wata akuya ta zo ta shinshina ta ƙarshen, ta lanƙwashe ƙafafu ta kwanta a kai. Inna Rabi'atu ta ɗaga hannu za ta kore ta, sai ta mayar da hannun kan cinyarta.