Takalmin Baƙo a Ƙofar Falo

Shekara talatin da ɗoriya Ruka ta yi tana auren Abdulfatahi, wanda kaf Kontagora ba a san shi da wannan suna ba sai Dogo mai hatsi, kuma a duk tsawon zaman nan da kunne ta fi saninsa. Gidan hayar da suka zauna a Tudun Wada ɗaki ne da falo, labule kaɗai ya raba su. In ya yi gyaran murya, ta san ruwa yake so. In ya ja numfashi ya sauke, ta san kasuwa ba ta yi daɗi ba. Da hawan jini ya kama shi kuwa, kunnen nan nata ya koma likita. Daga yadda yake jan ƙafa take gane ko ya sha magani ko ƙarya ya shara mata.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon gidan nan baƙi ne. An ce baƙo raɓa ne, to baƙin Dogo ruwan Agusta ne, ba su san ɗaukewa ba. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Mariga, duk manomin da ya taɓa sayar masa da buhun masara a Kasuwan Garba ko Kumbashi, in ya shigo gari, gidan Dogo ne masaukinsa. Maza su cika falo tun hantsi, Ruka na ƙunshe a ɗaki tana haɗa gumi. Ko bayi za ta, sai ta zura hijabi ta ratsa ƙafafun mutane tana sannunku, sannunku.

Saboda haka ranar da ya sayi fili a bayan gari ta hanyar Rijau, ita ce ta fara magana.

"Malam, don girman Allah in za ka yi gini, ka ware wa baƙinka falonsu daban. Na gaji da zaman kaza a akurki."

Dogo kuwa irin mutanen nan ne da in ka ba su shawara sai su riƙe ta fiye da kai. 'Yarsu Khairunnisa, da ke aure a Minna, ta yi ta turo hotunan gidajen zamani a waya, falo da wurin cin abinci da kicin duk a buɗe, ana kallon juna. Ya duba, ya taɓe baki, ya ce wannan gidan waɗanda ba sa yin baƙo ne. Ya kira Audi magini, mutumin Dukku, suka tsuguna a filin, ya zana masa abin da yake so da tsinke a ƙasa. Falo rufaffe, mai ƙofarsa ta waje kusa da get, yadda baƙo zai shiga ya fita bai ga tsakar gida ba. Banɗakinsa a ciki. Bango da bulo mai kauri, silin na siminti, tayil mai sanyi, labule masu nauyi. Sai ƙofa guda ta cikin gida, ta katakon maɗaci, wadda in ka rufe ta ko tsawa aka yi sai dai a ba ka labari.

Ranar da aka kafa ƙofar suka je ganin aiki. Dogo ya shige falonsa ya rufo, yana shafa bango kamar mai duba saniyar saye. Ruka tana kicin, bango ɗaya ke tsakaninsu. Ta ga inda aka bar wa famfo bai yi mata ba, ta ɗaga murya ta kira shi. Shiru. Ta sake kira, har Audi da ke waje ya leƙo. Daga falo ko motsi babu. Ta zagaya ta tura ƙofar.

"Malam, tun ɗazu nake kiranka."

"Ban ji ba ko kaɗan," ya ce yana murmushi. "Kin ga aiki ya yi kyau ke nan."

"To in kai ne ke kirana fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta nuna masa bangon da ya haɗa falon da kicin, ta ce a huda mata 'yar taga, ba babba ba, wadda kwano zai wuce, mai murfin katako. In da baƙi a rufe, in shi kaɗai ne a buɗe.

"Ruka ke nan. Ke kika ce a raba, an raba, yanzu kin ce a huda. Ina zaune da mutane warin daddawa na shigo mana? Ga waya a hannunki, ga ta a hannuna."

"Ba don kwano nake so ba, Malam. Don in riƙa jin ka ne."

"To, na ji. Sai bayan kaka."

Kaka ta zo ta wuce, suka tare, wata kakar ma ta zo. A faɗi gaskiya, Ruka ta ji daɗin gidan. Tana yawonta da ɗaurin ƙirji a tsakar gida, ta shanya kuɓewa inda ta ga dama, ta kunna rediyo. Amma abu guda bai bar ranta ba: mutumin da ta saba jin numfashinsa, yanzu sai ya yini a bayan bango kamar wanda ya yi tafiya. Duk sanda ta tuna masa da taga, sai ya ce ai bangon ba gudu zai yi ba.

Tsarin gidan ya zauna da kansa. Daga tagar kicin ta waje ana hango dakalin ƙofar baƙi. In ta ga takalmin Dogo kaɗai, sai ta shiga ta ƙofar ciki ta zauna su yi hira. In ta ga baƙon takalmi, ko hannun ƙofar ba ta taɓawa, don matar kirki ba ta faɗa wa maza suna zaune. Sai ta ajiye tiren abinci a bakin ƙofar, ta ƙwanƙwasa, ta juya. Shi zai buɗe ya ɗauka in ya ga dama.

Wata Talata a tsakiyar bazara, Dogo ya dawo kasuwa da wuri, ya ce kansa na sarawa. Ta ba shi magani, ya maƙala wayarsa a caji a ɗakinta saboda an kawo wuta. Ana idar da azahar Salman ya yi sallama, wani manomi daga Kumbashi da suka daɗe suna hulɗa. Ruka ta hango takalminsa a kan dakali, baƙin sau-ciki da ya sha jar ƙasa, dunduniyar a take. Ta yi tsaki a ranta, ta ƙara ruwan tuwo.

Bayan la'asar ta kai tire. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa busasshiya, ta rage gishiri saboda shi. Ta ajiye, ta ƙwanƙwasa, ta koma. Da ta sake wucewa tiren na nan. Ta leƙa ta taga, takalmin na nan. Ta ce a ranta, wannan bawan Allah wane irin baki gare shi, mutum ba shi da lafiya ka zauna masa a kai? Ta kira wayar Dogo, sai ta ji tana kuka a ɗakinta. Ta dawo ta tsaya a gaban ƙofar, ta kara kunne a jikin katakon, ba ta ji komai ba, amma ai dama ƙofar ba ta taɓa barin ta ji komai ba. Hannunta ya kai ga mariƙin. Sai ta tuna da takalmin, ta tuna maganar kuɗi da ta 'yan bindiga maza ba sa so mace ta faɗo musu a kanta, ta janye hannun. Ta ɗauki miyar ta je ta ɗumama, ta dawo da ita ta ajiye.

Aka kira magariba. Ba wanda ya fito. Ta fita ta wajen get ta dubi tagar falon, ta ga ba a kunna fitila ba. Wane irin zama ne maza biyu za su yi a cikin duhu, ladan na kira? Ta jefar da butar da ke hannunta, ta ruga ta tura ƙofar cikin gida.

Ƙofar ba ta buɗu gaba ɗaya ba, wani abu mai nauyi ya tokare ta. Dogo ne. Yana kwance a kan tayil, rabin jikinsa ya saki, bakinsa ya karkace, hannunsa mai rai yana jingine da ƙasan ƙofar. Daga kujerarsa ya jawo jiki har nan, ga hularsa can a tsakiyar ɗaki, ga kofin ruwa a kife. Babu baƙo. Babu kowa. Tsakanin kansa da inda ta ajiye tire, ta ɗauke, ta sake ajiyewa, kaurin katako ne kawai. Idonsa a buɗe yake, yana kallonta, leɓensa na motsi da sunanta ba sauti.

Maƙwabta suka sa shi a mota. A asibiti likita ya tambaye ta tun yaushe abin ya same shi, ta ce ba ta sani ba.  Dogo bai sake magana ba. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Salman ya zo gaisuwa ranar uku, ya tsaya a bayan ƙofa yana magana. Ya ce da aka kira la'asar ya yi alwala a banɗakin falo, ya fita masallaci da silifas ɗin banɗakin a ƙafarsa, da niyyar ya dawo. Dogo ya ce masa ya je, shi zai yi tasa a gida, kansa ya yi nauyi. Ana sallamewa aka bugo masa waya cewa an shiga ƙauyensu, an ɗauke ƙanensa a gona. Daga ƙofar masallaci ya hau babur sai tasha. Bai tuna da takalmi ba sai da ya isa Kumbashi.

"Hajiya, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam Salman. Allah ya bayyana ɗan'uwanka."

Da gaske take, ba ta riƙe shi ba. Kanta ta riƙe. Mata suna ta ba ta baki, kwana ne ya ƙare, bakin alƙalami ya bushe, kuma ta yarda da hakan, ba ta ja da ikon Allah. Amma yarda daban, zafin zuciya daban. Abin da ke cinta shi ne ya kira ta. Ta san ya kira ta, tun daga la'asar har faɗuwar rana, ita kuwa tana tsaye tana ɗumama miya. Ta hana a rufe ƙofar nan ta maɗaci, ta sa turmi ta tokare ta, amma shiga falon ya gagare ta.

Bayan an yi sadakar arba'in, mutane sun watse, Khairunnisa ta koma Minna, wata safiya keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Audi magini ne. Ya daɗe yana wani aiki a Dukku inda waya ba ta kamawa, sai a hanya ya ji rasuwar. Ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwa da Hausarsa mai karyewa, ya yi addu'a, ya shafa. Sai ya ƙi tashi. Yana ta juya wani abu da ke naɗe cikin buhun siminti.

"Hajiya, wani saƙo ne, ban san yadda zan yi da shi ba. Kafin in tafi, Alhaji ya same ni a kasuwa. Ya ce in sa kafinta ya yi wannan, in na dawo in zo in fasa bango in saka. Ya ce kar in gaya miki, so yake ki shigo kicin ki gani."

Ya warware buhun. 'Yar taga ce ta katako, mai murfi biyu, daidai wucewar kwano. An goge ta, an shafa mata mai, har da ɗan sakata ta ɓangaren kicin, yadda ita ce za ta riƙa buɗewa da rufewa.

Ruka ta zauna a ƙasa inda take. Kukan da ta haɗiye a gaban mutane tun ranar Juma'ar nan ya ɓalle mata, ta yi shi har ta gode Allah. Audi ya sunkuyar da kai.

"In mayar wa kafinta ne, Hajiya?"

Ta share fuska da gefen mayafi. "Ya ce ka saka, ko? To saka."

Yini guda ya yi yana aikin. Kowane bugun guduma sai ta ji shi a ƙirjinta. Da la'asar ya share ƙura, ya wanke hannu, ya yi sallama ya tafi.

Ta shiga kicin. Simintin gefen tagar bai bushe ba. Ta zare sakatar, ta tura murfin, sai ga falon gaba ɗaya a gabanta: kujerarsa, sallayarsa a ninke, hular da wani ya ɗora a kan tebur. Ashe kusa ne haka. Agogon bango da ya saya a kasuwa yana bugawa, kuma tun da suka tare yau ne ta fara jin ƙararsa daga kicin. Ko tari ya yi da ta ji.

Ta dafa bakin tagar, ta sa fuskarta a ciki.

"Na'am, Malam," ta ce a hankali. "Ga ni."