Hawa na Biyar Ba Shi da Ƙasa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake ba da labarinsa bai gama sakina ba. Na tsinci kaina da rana tsaka a wata kasuwa da ake sayar da gidaje kamar kaji. An ɗaure musu ƙafafu an kwantar a inuwa, mai saye ya ɗaga ya ji nauyi, ya hura ƙarƙashin rufin ya ga ko akwai tsoka.

Mu huɗu ne: ni, da matata Hansatu goye da 'yarmu mai kwana tara a duniya, da mahaifiyata Iya. Iya ta danƙa mini ƙullin wani farin ƙyalle. A ciki akwai guntun cibiyar jaririyar da ya bushe ya faɗi. A gidanmu ba a yar da shi. Uba ne ke haƙa rami a tsakar gidansa ya binne, don yaro ya san inda zai komo. Tawa tana can Bakori, a gindin lemun tsamin da ke bayan ɗakin Iya.

"Kai wannan," in ji Iya, don ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, "ka binne cibiyar nan kafin la'asar. Ka ga 'yar ta fara tashi."

Na waiwaya, ashe gaskiya ne. Jaririyar ta zame daga goyo, tana shawagi kamar kamu ɗaya a saman kan uwarta, tana ta barcinta. Hansatu ta ɗaura mata zaren ɗinki a ƙafa tana saki kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya ko kalle mu sau biyu, sai wata mai kunun zaƙi da ta ɗaga kai ta ce, "Ba a binne ba ke nan," ta ci gaba da dama kununta.

Dillalin gidajen wani jan gwada ne, ƙadangare mai hula zanna da tarin makullai a wuya. Duk abin da ka faɗa sai ya gyaɗa kai, ko da zaginsa ka yi.

"Yallaɓai, karo na farko ne ko?" ya ce. "Daga tafiyarka na gane. Biyu suka rage daidai ƙarfinka."

Na farko gidan ƙasa ne, ɗaki uku da tsakar gida, da wata darbejiya a tsakiya. Dillali ya kwance masa ƙafa, gidan ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, ya nufi bayan gari. Muka bi shi a mota, in mun matso sai ya ƙara gaba. Sai da muka sauya mota uku da acaba ɗaya kafin ya yarda ya zauna. Rufinsa yana yoyo ko da rani. Rijiyarsa ba ta ba da ruwa sai an gaishe ta an tambayi iyali. A cikin katangar kuma akwai wani magini da ke zaune tun lokacin da aka yi ginin, ya leƙo ta wata tsaga ya ce mini, "Maigida, saura buhu biyu a gama."

Iya ta cire takalmi ta taka ƙasar tsakar gidan, ta ɗan murza da dunduniya.

"Wannan ƙasa tana da kyau," ta ce. Abin da ta faɗa ke nan kawai.

Sai ga mu a na biyun, ban ga lokacin da muka hau ba. Fulat ne a hawa na biyar na wani dogon bene. Tayil yana ƙyalli har kana ganin haƙoranka. Famfo yana jin ƙishirwarka ya buɗe da kansa. Akwai maigadi a ƙofa, akwai janareta na kowa da kowa, in rufi ya lalace ba ruwanka. Dillali ya buɗe taga, sai ga ofishinmu yana tahowa a ƙafa, ya tsaya daidai tagar, teburina yana kaɗa mini wutsiya.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, shekara bakwai na yi ina tsufa a cikin cunkoson motoci. Da na ga ofis ya zo da kansa, zuciyata ta narke kamar man shanu a kan tuwo.

"To ƙasa fa?" na tambaya, don a ce na tambaya.

"Akwai ƙasa," in ji shi yana gyaɗa kai. "Tana can ƙasa."

"Me zan saya ke nan?"

"Iskar da ke tsakanin bango huɗun nan. Daɓenka rufin wani ne, rufinka daɓen wani. Amma iskar taka ce halak malak, har 'ya'yanka su gada."

Hansatu ta ce, "Malam, duk wanda ka zaɓa." Tana faɗa tana kallon sama, domin 'yar ta riga ta kai silin tana goga ƙeya a jikin fanka. Iya kuwa takalmanta na hannunta. Na tsoma babban yatsa a kwanon zoɓo na dangwala a takarda.

Na ɗauko cokali na durƙusa a tsakiyar falo na fara haƙa. Tayil ya buɗe ba gardama. Na zura kai don in ga zurfin ramin, sai ga kaina ya ɓullo ta silin ɗin wani Alhaji da ke hawa na huɗu, yana zaune yana cin tuwo.

"Salamu alaikum," na ce.

"Wa alaikumus salam. Kai ne sabon na sama? Ka zubo mini siminti a miya."

"A yi haƙuri, Alhaji. Ƙasa nake nema."

"Ni ma da na zo na nema," ya ce, ya tsame simintin da yatsa. "Ka rufe ramin in za ka tafi, akwai sauro."

Na sauko harabar benen. Ko'ina an shafe da siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. A ƙarƙashin rumfar motoci kwamitin mazauna na zama. Shugabar wata akuya ce mai gilashi, tana tauna takardun taron da ya gabata don kada su ɓata. Na gaishe ta, na nuna ƙullin, na yi bayani.

"Ƙasar nan ta mutum arba'in da takwas ce," in ji ta. "Kana da rabonka, ba wanda zai hana ka. Girmansa kamar farce."

"Ya isa, Hajiya. Ina yake?"

"Ba a san inda yake ba, yawo yake yi. Yau ina jin yana ƙarƙashin janareta. In kana son haƙa, sai duk arba'in da bakwai ɗin sun sa hannu, ɗaya kuwa ya tafi ƙasar waje ya bar mana kyanwarsa, ita kuma ba ta iya rubutu ba."

Wata tunkiya da ke riƙe da biro ta tausaya mini, ta turo mini tukunyar fulawa ta roba cike da baƙar ƙasa. Na ɗauka da murnata na kai wa Iya. Ta dube ta, ta dube ni.

"Ƙasar da ake ɗauka da hannu ɗaya?" ta ce. "In an tashi ƙaura a sa gidan 'yarka a bayan mota?"

Kunya ta rufe ni. Na ɗaga kai na ga jaririyar ta fita ta taga, ta wuce tankin ruwa, ta zama kamar ɗan farin ɗigo. Hansatu na tsaye a baranda ta miƙa hannu iya tsawonsa, zaren ya kusa ƙarewa. Inuwa ta riga ta karkata.

Na ruga kasuwa, ƙafafuna na nutsewa kamar ina gudu a cikin koko.

"Na fasa," na ce wa dillali. "Ba ni wancan na ƙasan, da yoyonsa da magininsa, na ji na gani."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, sannan ya nuna mini hanya da baki. Ga gidan can yana tafiya a bayan wani mutum, an riga an ɗaura igiyar shanya a jikin darbejiyar, rigunan 'ya'yan wani suna kaɗawa. Na kira shi. Gidan ya ɗan waiwayo ya dube ni ta taga ɗaya, ya ci gaba da tafiyarsa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Aka kira la'asar. Iya ta zo ta tsaya a gefena, ta buɗe tafin hannunta.

"Kawo," ta ce. "Zan kai ta inda aka binne taka."

Na ba ta. Ta soke ƙullin a haɓar zaninta ta juya ta nufi arewa. Zaren ya suɓuce daga hannun Hansatu, ɗan farin ɗigon nan ya juya a hankali ya bi bayan Iya, kamar ɗan akuya ya bi mai dusa. Na buɗe baki in kira 'yata, sai na ji wani abu yana bugawa daga ƙarƙashin ƙasa, dim, dim, dim, a shaƙe.

Na farka. Rana ta fito, ina kwance a ɗakina na hawa na biyar, inda muka tare wata huɗu da suka wuce. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, an sake ba ni zaɓi ko a mafarki, na sake dangwala yatsa a wuri ɗaya. Hansatu da jaririyar suna barci, na taɓa ƙafar 'yar don in tabbata tana kan katifa.

Bugun daga kicin yake fitowa. Iya ce ke dakan yajin jego. Ta ninke bargona gida huɗu ta ɗora turmin a kai, domin shekaranjiya Alhajin hawa na huɗu ya aiko cewa daka na tayar masa da ciwon kai.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Iya, ina ƙullin nan?"

"Na ba direban motar Bakori tun jiya, kana wajen aiki. Kawunka zai haƙa."

"Da kin bari na nemi wuri."

"Kwana uku yana kan firij," ta ce.

Ta gyara bakin bargon da ƙafa, ta ci gaba da daka a hankali, kada mutanen ƙasa su ji.