Jan Bargon Kwanar Mahauta

Tun kafin a haifi Ermelinda ake tseren motoci a titunan Serravela. Duk bazara akan rufe hanyoyi, manoma su kawo damman ciyawa a jera a bakin titi don kariya, hayaƙin gasasshen kifi ya cika gari. Da farko tseren 'ya'yan masu kuɗi ne, daga baya kanikawa suka kutsa kai da motocin da suka haɗa da hannunsu. Albano mijinta yana cikinsu.

Gidansu yana kan gangara, dab da Kwanar Mahauta, wadda ta fi kowace kwana mugunta. Matan garin sukan rataya bargunansu na ado a baranda ranar da ake zagayawa da mutum-mutumin waliyyi daga coci. Ermelinda kuwa, amarya mai rawar kai, ranar tsere ta rataya nata, ja wur, don dai Albano ya ɗaga ido ya ganta.

"Ke na gani? Wa ke da lokacin ganinki?" in ji shi da yamma, yana dariya. "Bargon na gani, na taka birki daidai nan, motar ta sha kwana kamar a mafarki. Don Allah baɗi ma ki sa shi."

Kafin ka ce me, duk direbobi sun ɗauka. Baƙo ma in ya zo daga wata ƙasa, abin da ake fara gaya masa ke nan: ka ga ja, taka birki.

Shekarar da take da cikin 'yarta Graciete, mahaifiyarta ta rasu ana gobe-jibi tsere. Gidan makoki a Serravela rufe tagogi yake, ba a fitar da ko ƙyalle mai launi. Goggonta Custódia ta tsaya a ƙofar baranda ta riƙe ƙugu.

"Uwarki ko sanyi ba ta yi a kabari ba, za ki rataya mana ja? Mu zama abin faɗa a gari?"

Albano ya dafa kafaɗar matarsa. "Rabu da shi, Linda. Ni da na san titin nan ido rufe?"

Ya sani sarai babu bargo a ranar. Amma ƙafa ba ta san makoki ba, ta saba jiran ja, ta kuwa jira shi na ƙiftawar ido. Ermelinda tana zaune a ɗaki mai duhu cikin mata masu addu'a ta ji ƙarar, sannan ta ji garin ya yi tsit. A bangon mahauta aka ciro gawarsa.

Tun daga nan ba ta sake fashin rataya bargon ba. An bar ciyawa an koma shingen ƙarfe, tseren ya mutu shekarun da gari ya talauce, ya sake farfaɗowa, motoci suka zama wasu faffaɗan abubuwa masu kukan tsiya. Ita dai da baƙaƙen kayanta da jan bargonta. Aka kafa alluna masu lamba a bakin titi don nuna wurin birki, ta kalle su ta taɓe baki. A ranta, ran 'ya'yan mutane yana rataye a barandarta, kuma ba mai raba ta da wannan.

Bana Graciete ta zo daga birni ta same ta tana kokawa da bargon.

"Mama, ki bari mana. Yaran yanzu ba sa kallon baranda, ana yi musu magana ne ta na'ura a kunne."

"A kunne! Ƙafa kunne gare ta? Kama min can gefen, sarkin sani."

Graciete ta matso. Ta kama. Tun hunturu ta san hukumar gari ta sauya hanyar tseren, an kai shi sababbin unguwanni ta bayan kogi, inda titi ke da faɗi. Maƙwabta duk sun sani. An rasa mai ƙarfin halin faɗa wa tsohuwar, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, kuma wannan tausayi ne irin na ragwaye.

Ermelinda ta zauna a kujerarta. Ta lura ba a kafa shinge ba, ta ce ma'aikatan bana malalata ne. Can sai kukan injuna ya taso daga nesa, ya yi sama, ya yi ƙasa, bai matso ba. Ta miƙa wuya tana duban kan gangara. Motar mai burodi ta gangaro a hankali, ta sha Kwanar Mahauta, ta wuce. Wani kare ya kwanta a tsakiyar titi.

Ermelinda ta jingina bayanta da kujerar. Graciete ta durƙusa kusa da ita.

"Mama, sun canza hanya. Ba za su ƙara biyowa ta nan ba. Ki yafe min, na kasa gaya miki."

"Na ji da kunnena, 'yar nan. Ban kurumce ba."

Rana ta yi sanyi, kukan injunan ya ɗauke. Graciete ta tashi ta kama gefen bargon za ta naɗe. Tsohuwar ta riƙe mata hannu gam, idonta na kan gangara.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Babanki bai wuce ba."