Asidar Mutanen Kogi

Jaririyar ta rasu ranar Talata, tana da kwana goma sha ɗaya, a sabon ƙauyen da aka gina wa Nubawa a hamadar Kom Ombo. Likita ya rubuta gudawa. Kakarta, Dahiba, ta ce ita ta kashe ta.

Wata huɗu ke nan da kwaso su daga bakin Nilu, domin ruwan madatsa zai cinye garinsu. A can, ranar suna, kaka kan tuƙa asida, wato tuwonsu, ta jefa wa mutanen kogi, iskokin da ke zaune a cikin ruwan, loma bakwai, da turare da lalle, ta wanke wa jariri fuska, don su san sun yi sabon maƙwabci, su riƙe amanarsa. Jikoki shida Dahiba ta yi wa haka, duk suna raye.

A nan kuwa kogi tafiyar rabin yini ne. Ranar sunan wannan jaririyar, Dahiba ta ce sai ta je.

"Inna, da wannan gwiwar taki?" in ji ɗanta Salih, uban jaririyar. "So kike mu haɗa suna da jana'iza? Ga magudanar gonar rake a bayan gari, ai ruwan Nilu ne."

"Ruwan da inji ya tauna ya tofar? Kai, ɗan nema, ka taɓa jin mai mutunci ya tare a kwata?"

Duk da haka gwiwar ce ta yi nasara, ta tafi magudanar. A kogi loma takan nutse nan take. A nan sai ta yi ta yawo a saman ruwa, har ta maƙale cikin shara. Dahiba ta gani, ba ta gaya wa kowa ba.

A zaman makoki maƙwabciyarta Shaya ta kama hannunta.

"Ke Dahiba, ji tsoron Allah. Jarirai tara aka binne tun zuwanmu. Duk ke kika kashe su?"

"A cikinsu wa aka kai kogi?"

Shaya ta ce, "Ko mun je, wa za mu tarar? Mu aka zuba a jirgi. Su mutanen kogin ba wanda ya gaya musu inda muka nufa."

Matar autan Dahiba na da cikin wata takwas. Ranar Asabar da hantsi tsohuwar ta ɗauki sanda, ta ce za ta gwada ko ƙafarta za ta kai ta kogi kafin wannan haihuwar. Wani direban motar rake ya gan ta da azahar, zaune a gefen hanya, ta ƙi hawa. Salih ya bi sawunta da jaki. Ba su dawo ba tukuna.